Ɗan Ƙarfen da Ya Faɗo Daga Kaca

Ƙil. Iyakar ƙarar ke nan. Ina shara da hantsi, na tara dattin tsakar gida a bakin zaure ina turawa cikin tsohon farantin da nake kwasar shara da shi, sai wani abu ya bugi gindin farantin. Tsakuwa ba ta irin wannan kuka, kuma a ƙauyenmu tsakuwa ma sai an nema, ko'ina rairayi ne. Na sa yatsa na tona cikin ɓawon gyaɗa da kashin awaki, na ciro wani ɗan ƙarfe falalle, baƙi ƙirin da mai, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, bakinsa a tsage.

Na san shi. Jiya-jiyan nan bayan la'asar na gan shi a hannun maigidana.

Ni 'yar Gumel ce, a can na yi makaranta har na gama sakandare. Aure ne ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, inda mota ba ta shigowa sai da babban dalili. Daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta tafiya ce mai nisa cikin yashi. Babur ɗin maigida shi ne ƙafarmu. Da shi yake kai gero kasuwar Maigatari, da shi yake ɗaukar mai naƙuda, da shi ake sayo mana gishiri da sabulu. Yashin nan kuwa cin kacar babur yake yi. Mazan garinmu duk sun cire murfin kacarsu sun jingine, wai yashi na taruwa a ciki. Sai su riƙa zuba mata baƙin man inji, yashin ya manne, ya yi ta gurzarta har ta saki ta yi tsawo. In ta yi tsawo kuma ba a saurin sayen sabuwa, rage ta ake yi: a cire gaɓa ɗaya ko biyu a sake haɗawa. Inda bakin kacar biyu suke gamuwa akwai wata gaɓa da ake ce wa mahaɗi, mai 'yan sanduna biyu da marfi. Ɗan ƙarfen da na tsinta shi ne makullin da yake hana marfin nan zamewa.

Jiyan maigida ya sake rage kacar, ba karo na farko ba. Ni na riƙe masa bakin biyu ya haɗa. Da ya zo tura makullin da filaya sai ya shige salin-alin, babu ko gardama. Ya ɗan dube shi ya ce, "Ya gaji. Amma zai kai mu bayan shuka, in sha Allahu."

Da safen nan kuma ya fita da 'yarmu ta fari, zai kai ta Ɗanzomo ta ga jaririn da ƙanwarsa ta haifa. Lokacin tana da wawulo, haƙoran gaba sun zube sababbi ba su fito ba. Na yi mata kitso, na sa mata kwalli, ya ɗora ta a kan tanki a gabansa. Na ji lokacin da ya turo babur ɗin ya haye dokin ƙofar zaure, wani abu ya gogi ƙasa. Ban kawo komai a raina ba.

Na kira wayarsa tana ta ringi ba a ɗauka ba. Wa zai ji waya a aljihu yana kan babur? Na zari hijabi, ko takalmi ban tsaya nema ba, na nufi gonar bayan gari inda ƙaninsa yake sassabe. Tsakanina da ƙanin nan wasa ne kullum, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya hango ni ya fara, "Matar Yaya, yau kuma tsere ake…" sai na buɗe masa tafin hannuna. Dariyar ta ɗauke. Ya yar da adda ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ari babur ɗin maƙwabci ya bi sawunsu.

Abin da ya faru, daga baya aka ba ni labari. Kaca ba ta rabuwa nan take don makulli ya faɗi, sai ta yi ta tafiya marfin yana zamewa a hankali. Sun yi nisa, sun fito wani wuri mai tauri ya ƙara wuta, sai ta ɓalle ta naɗe a gindin tayar baya, tayar ta cije. Suka faɗi ta dama. Shi kafaɗa ya buga, ƙashinta ya karye, hannun kuma ya goce. Ita babur ɗin ne ya danne ta, salansa mai zafi ta kwanta mata a ƙwauri. Da hannu ɗaya ya yi ta ƙoƙarin ɗagawa ya kasa. Yana jin ihunta, yana jin ƙaurin naman 'yarsa. Sai da wasu matan Fulani masu tallan nono suka sauke ƙoransu suka taru suka ɗaga. Allah ya saka musu da alheri duk inda suke, ban taɓa ganin fuskarsu ba.

A amalanke aka dawo da su, babur ɗin a gefe, tsinkakkiyar kacar a naɗe a sitiyari.

A nan zan faɗi wani abu da wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ga kamar rashin tausayi ne. 'Yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na rungumarta a gaban mutane, ba na nuna ta dame ni. Haka na taras, haka uwata ta yi mini. Tun da aka yaye ta ɗakin kakarta take kwana, mahaifiyar maigida, wadda muke kira Inna. Da aka shigo da ita na yi kanta, Inna ta tare ni da hannu a hankali ta ce, "Ja jikinki, 'yar nan. Akwai mutane. Je ki ɗora ruwan zafi." Na je na ɗora. Ina hura wuta hayaƙi yana rufa mini asiri.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure kafaɗar maigida. Ita kuma Inna ta yi mata abin da ta sani: zuma, da gashin zomo a kan ƙunar. Da gaskiya ta yi, da ƙauna ta yi, haka aka yi wa nata 'ya'yan suka warke. Amma wannan ƙunar ta yi zurfi. Bayan 'yan kwanaki na shiga kai mata kunu na ji wani wari da ban taɓa ji a jikin mai rai ba. Ƙudaje sun gano kafin mu.

Muka nemi amalanken shanu ya kai mu bakin kwalta, muka jira mota, muka isa asibiti a Gumel rana ta karkata. Wata ma'aikaciya ta wanke ciwon tana tsince gashin da hantsaki, ni ina riƙe da kan yarinyar, karo na farko da na riƙe ta haka tun tana goye. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, ki saurare ni. Wankin nan ba na yau kaɗai ba ne. Duk bayan kwana biyu zuwa uku za ki dawo da ita. In kuka yi wasa ya kai ƙashi, to ba wanki za a yi ba kuma. Kin gane abin da nake nufi?"

Na gane. Ƙafar take nufi.

Muna dawowa ruwan shuka ya sauka. Kowa ya watse gona, shanun amalanke suka koma huɗa, kuma ba za ka ce wa mutum ya bar abincin shekararsa ya yini a hanya duk bayan kwana biyu ba. Abin da ya rage babur ne. Maƙwabcinmu ya kawo nasa har ƙofar gida da zuciya ɗaya. Ƙanin maigida, wanda take kira Baffa, ya ɗauko ta. Tana jin ƙarar injin ta sandare, sannan ta fasa wani ihu, ta yi ta fizge-fizge har ta bugi ciwon a jikin ƙofa, jini da ruwa suka jiƙe bandejin. Ta yi amai a rigar Baffanta. Maƙwabcin ya kashe injin ya ce, "Wallahi ba ƙi na yi ba. Amma in ta yi wannan a cikin yashi, mu duka za mu faɗi."

Aka sake gwadawa washegari da alawa da lallashi, aka gwada da tsawa. Ranar komawarmu ta wuce. Jikinta ya ɗauki zafi, warin ya fara dawowa.

Ɗan ƙarfen nan yana ƙulle a bakin zanena tun ranar, ban san dalili ba. Wata la'asar an shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya kusa da ubanta, na kwance shi ina juyawa a hannu ban san tana kallona ba. Ta ce, "Umma, mene ne?"

Uban ne ya miƙo hannun hagu ya karɓa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan ne ya kayar da mu. Shi yake kulle kaca. Ya tsufa, na sani, na mayar da shi haka nan."

"Na babur ɗin kowa ma yana faɗowa?"

Da wani uban ne, da ya ce a'a. Shi ya ce, "Yana iya faɗowa."

"To ba zan hau ba."

Hawaye suka bi gefen hancinsa, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Akwai wani iri da ba shi da makulli. Da guduma ake daddaɓe kansa, ya zama ɗaya da kacar. Ba ya fita sai an goge shi da magagari. In aka sa shi a gabanki kina gani, za ki hau?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Muka riƙe wannan shirun.

Ranar kasuwar Maigatari Baffa ya je ya sayo sabuwar kaca, da faifan haƙoran nan biyu da take hawa, babba na baya da ƙarami na gaba, da mahaɗi irin na daddaɓewa guda biyu, don mai shagon ya ce masa wanda bai saba ba yakan ɓata na farko. Washegari da safe aka shigo da babur ɗin maigida tsakar gida aka kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya tana lilo. Aka jingina maigida da bango da matashi. Ita aka kwantar da ita inda za ta ga komai.

Maigida ya ce, "Kafin komai, zare makullin babur ɗin ka ba ta." Baffa ya zare ya miƙa mata. "Riƙe. Muddin yana hannunki, inji ba zai tashi ba." Ta damƙe shi a ƙirji. Ya juyo gare mu ya ce kada wanda ya kuskura ya sa yatsa tsakanin kaca da haƙora, ko da hannu ake juya tayar. Ya san wani a Gagarawa da ya rasa kan yatsa a haka, yana shafa mai injin na aiki.

Baffa ya sassauta babban notin tayar baya ya tura ta gaba, ya kwance tsofaffin faifan. Da ya ajiye tsoho kusa da sabo sai na ga bambancin: haƙoran tsohon sun sirance sun lanƙwashe kamar ƙayar aduwa. Maigida ya ce sabuwar kaca a kan tsohon haƙori ɓarna ce, cikin wata guda za ta lalace. Aka ɗaura sababbi. Na wanke wurin da kananzir da tsumma, yashin da ya fito ya kusa cika gwangwani. Muka zura kacar ta kan ƙaramin faifan, muka jawo bakinta biyu suka gamu a bayan babban, inda haƙoran za su riƙe mana su.

Baffa ya dube ni hannuna baƙi har gwiwa ya ce, "Matar Yaya, ashe bakanike muka auro ba mu sani ba. Gobe sai in kafa miki rumfa a tashar Gumel."

Na ce, "Kai dai yi abin da ke gabanka, mai hannu kamar taɓarya."

Ban san bakina ya faɗi gaskiya ba. Ya shafa giris, ya zura mahaɗin ta baya, ya ɗora marfi. Aka ba ni kan gatari in tokare bayan sandunan don kada bugu ya tura su. Ya ɗora ƙusa mai dakusasshen baki a kan sanda ta farko ya ɗaga guduma, irin ɗagawar mai fasa itace. Maigida ya ce, "A hankali!" amma ta riga ta sauka. Kan sandar ya tsage. Da aka lanƙwasa gaɓar sai ta ƙi motsi, ta ƙage kamar gwiwar tsoho.

Yarinyar ta juya fuska bango.

Sai da Baffa ya ɗauki lokaci yana goge kan sandunan da magagari kafin ɓataccen ya fita. Saura ɗaya a cikin ledar. Ya share gumi ya sake miƙa hannu ga gudumar, sai muka ji murya daga tabarma, ƙasa-ƙasa: "Umma ta yi."

Inna tana bakin ɗakinta tana tsince wake. Na dube ta. 'Yar fari ta kira uwarta a gaban kaka da baffa, ta zaɓe ta. Inna ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ke ake jira."

Na yi bisimilla na tsuguna. Maigida yana faɗa ina yi. Na shafa giris a sandunan, na zura ta bayan kaca, na ɗora marfin. Ya ce in matse da filaya kaɗan-kaɗan, nan kaɗan can kaɗan, har kan sandunan biyu su leƙo daidai da juna, faɗin gaɓar ya zo ɗaya da na maƙwabtanta. In ya wuce haka ta ƙage, in bai kai ba ta yi sako-sako. Baffa ya tokare da gatarin, ya ce, "In kika bugar mini yatsa, sai kin yi mini tuwo har girbi."

"Ba ƙarfi ake so ba," in ji maigida. "Kamar kina fasa gyaɗa ba kya son ƙwayar ta rabu. Ki buga, ki duba. Ki buga, ki duba."

Na ɗora ƙusar a tsakiyar kan sandar. Tas. Na duba, ban ga komai ba. Tas. Tas. Ina salati a zuci, gumi na shiga mini ido. A hankali bakin ƙarfen ya fara buɗewa yana kwantawa a kan marfin, kamar bakin ƙaramar tasa. Ya ce in ɗan karkata ƙusar in bi gefe-gefe don ya kwanta ko'ina daidai. Na koma ta biyu. Da na gama ya ce a juyo tayar kusa da shi. Ya shafa da babban yatsan hagu yana neman tsaga, bai samu ba. Ya sa farce a ƙarƙashin marfin, bai ɗagu ba. Ya ce in lanƙwasa gaɓar. Ta lanƙwasu sumul kamar sauran.

Ya ce, "Ba ni zan duba ba. Ku kai mata."

Baffa ya ɗauko ta ya zaunar kusa da tayar, ƙafar a miƙe. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa kan sandunan. Ta ja marfin da farce, ta sake ja da ƙarfi har ta cije leɓe. Ta juya tayar da kanta a hankali, tana bin gaɓar da ido ta zagaya ta dawo.

Aka ja tayar baya daidai ta kowane gefe, aka bar wa kacar ɗan sassauci kamar faɗin yatsa biyu, aka ɗaure noti tamau. Maigida ya ce a shiga rumbu a ɗauko murfin kacar da ya jingine tun shekarar da ya sayi babur ɗin. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Aka wanke aka ɗaura. Baffa ya ɗora buhun gero ya zagaya gari ya dawo, aka buɗe ɗan ramin murfin aka leƙa. Mahaɗin yana nan yadda na bar shi.

Washegari muka tafi. Baffa a gaba, ita a tsakiya, ni a baya na tattare hijabina na cusa a ƙarƙashina, na rungume ta a gaban duk wanda yake ƙofar gida. Tun daga zaure har kwalta farcenta ya nutse a hannuna, amma ba ta yi ihu ba.

Mun makara. Ma'aikaciyar ta buɗe bandejin, nan take ta kira likita. Sai da suka yanke naman da ya mutu, ina jin kukanta daga bayan ƙofa. Bai kai ƙashi ba, da kaɗan. Muka yi ta zirga-zirga a kan babur ɗin nan har gero ya fitar da kai. Ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi, amma fatar ta warke a tamke, har yau diddigenta ba ya sauka ƙasa sosai. In tana tafiya a rairayi sawunta ɗaya cikakke ne, ɗaya rabi. Kafaɗar ubanta ta haɗe a karkace, ba ya iya ɗaga hannun sama da kai. Ya koma hawa, don ba mu da wata ƙafar. Bai sake rage kaca ba. Ba ya kuma iya kallonta in tana gudu da yara.

Bayan ta fara takawa na lura da wani abu. Kullum da safe in ubanta ya tura babur ya fita, sai ta bi bayansa da ɗingishinta har bakin zaure. Na ɗauka rakiya ce. Wata rana na fito da tsintsiya da farantina, na same ta durƙushe inda babur ɗin yake kwana, tana tankaɗe rairayi da yatsu, daga nan har dokin ƙofa, taki bayan taki. Na tsaya ban yi motsi ba. Ta gama, ta kakkaɓe hannu a zanenta, ta ɗago ta dube ni.

"Umma, yi shararki. Na duba, yau babu abin da ya faɗo."